Buhun Asabar Daga Ɗanzomo

Malam Dalhatu mai inji ya yi shekara talatin da ɗoriya yana niƙa a Gagarawa Tasha, kuma ba a taɓa jin wata mace ta dawo masa da gari tana cewa ta tarar da tsaki a ciki ba. Rumfarsa ta kwano tana bayan inda motocin Gumel ke lodi. Gajeren mutum ne marar yawan magana, ƙarar inji ta cinye masa rabin ji, in za ka gaishe shi sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona. Gemunsa ya yi fari tun yana ɗan arba'in, har yau kuwa mutane ba su rabe ba ko furfura ce ko gari.

Taƙamarsa a duniya guda ɗaya ce, laushin gari. Yakan murɗa ƙarfen da ke matse haƙoran inji, ya tara hannu, ya murza abin da ya fito tsakanin yatsu biyu, in bai yi masa ba ya mayar da shi sama. Mata suna cewa garin Dalhatu ko ba a tankaɗe ba sai a tuƙa. Akwai wani Barau mai inji a Ɗanzomo, in aka ambace shi sai Dalhatu ya ce, "Wannan ai ba niƙa yake yi ba, tsorata hatsi yake yi." Ita ke nan baƙar maganar da aka san shi da ita.

'Yarsa ta fari, Zakiyya, a Ɗanzomon take aure. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. In ta zo gida ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, hira ta ƙare. In ta kama dole ya yi zancenta, sai ya ce "ta Ɗanzomo". Yana son yarinyar nan ƙwarai, amma bai san ta inda ake faɗa ba, kuma ya tsufa da koyo.

Shekara uku da suka wuce Zakiyya ta fara kiwon kajin gidan gona, fararen nan masu nama da ake sayarwa a sati shida ko bakwai. Da farko abincin buhu take ba su, daga baya ta koma haɗa nata da masara da soyayyen waken suya da ɗan sinadarin da take sayowa a Gumel. Injin Barau yana bayan gidanta, amma ta tsallake shi. Kowace Asabar sai Ɗantala direba ya sauke buhun masara a ƙofar rumfar Dalhatu, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ba wasiƙa ba saƙon baki.

Dalhatu ya gane saƙon sarai. Yakan bari sai layi ya ƙare, ya share inji tas, ya matse shi iya matsewa, ya niƙa masarar nan sau biyu. Garin biki kaɗai yake yi wa haka. Abin da ke fitowa in ka zuba a tafin hannu ka hura sai ya tashi kamar hoda. Ya ɗaure da jan ƙyallen ya ba Ɗantala. Wata takwas suna wannan zance, ita ta aiko da tsaba, shi ya mayar da gari, kuma tun da aka haife ta ba su taɓa yin doguwar hira irin wannan ba.

Sai wata Asabar buhu bai zo ba. Ta biyu ma haka. A ta uku Dalhatu ya tako har bakin mota, abin da ba ya yi, ya ce, "Ɗantala, hanyar Ɗanzomo lafiya kuwa?"

Ɗantala ba a ba shi ajiyar magana. Ya ce, "Lafiya lau, Baba. In buhun Zakiyya kake nufi, ai yanzu wajen Barau take kaiwa. Da idona na gani."

Dalhatu ya ce to, ya koma rumfa. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Da ma wani injin ta kai, da sauƙi, amma Barau. Ya bi kwanakin baya ɗaya bayan ɗaya yana neman laifinsa bai samu ba, kuma ba halin ya tambaye ta. Haka ya yi sati biyu yana niƙa yana ɗaure fuska, har mata suka fara tambayar juna ko jikin ne.

Wadda ta warware masa ita ce Madam Felicia, mutuniyar Filato da ta yi aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma har ta yi ritaya ta zauna a garin. Yanzu kaji take soyawa tana sayar wa masu wucewa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma yawancin kajin Zakiyya ita ke ɗauka. Ta zo da rana tsaka, ta yi masa alama ya kashe inji, ta kwance leda a kan benci. Ƙundun kaza ne guda biyu. Ɗaya jawur, mai tauri, ya cika tafin hannu. Ɗayan ƙarami, fari-fari, in ka danna sai ya lotsa.

Ta ce, "Malam Dalhatu, ni ce na sa 'yarka ta bar aiko maka, gara ka ji daga bakina. Wannan babban na kazar da ta ci ɓarzon Barau ne. Wannan ƙaramin, garinka ta ci. Tun lokacin na sa shi a firiza don in nuna maka."

Ya ce, "Garina ba shi da aibu, Madam."

"Ga tuwo ba shi da shi. Amma kaza da nata injin Allah ya halicce ta, ga shi nan a gabanka. In ka niƙe mata komai, ƙundu ya rasa aikin yi ya kwanta, abinci ya riƙa wucewa ta ciki da gudu. Kashin kajin 'yarka ya tsinke, shimfiɗarsu kullum a jiƙe. Ga garin yana manne musu a baki, sai su ci kaɗan su koma ga ruwa. Sati takwas suna yi ba su kai nauyin 'yan sati shida ba. Tun kiwo na biyu da ta yi da garinka na gaya mata."

"Tun na biyu?"

"Ta ce ba za ta iya aika wa babanta cewa ya rage kyan aiki ba. Ta ci gaba da aiko maka har kiwo biyu bayan haka, tana kallon kajinta suna tsumburewa."

Dalhatu ya ɗauki ƙaramin ƙundun ya murza shi tsakanin yatsu biyu, yadda yake murza gari. Madam ta ɗaure ledarta ta tafi.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya auno masara kwano goma a kasuwa. Ya sassauta ƙarfen inji fiye da yadda ya taɓa yi, har ƙarar ta canza, mai shayin gefe ya leƙo. Ɓarzon ya fito, amma hannun shekara talatin ba ya mantuwa a yini ɗaya, rabinsa gari ne. Sai ya aro rariya ya zauna a ƙofar rumfa, a gaban jama'ar tasha, yana tankaɗe kamar mace, yana ware tsaki gefe guda. Wata tsohuwa da ta kawo niƙa ta tsoma hannu a tsakin, ta dube shi da tausayi, ta ɗauki kwanonta ta ce za ta dawo gobe. Kafin la'asar labari ya zaga cewa hannun Dalhatu ya fara tsufa. Ya ji, bai gyara wa kowa ba.

Washegari ya zuba tsakin a buhu ya ba Ɗantala. Ɗantala ya ce, "Me zan ce mata, Baba?"

"Kada ka ce komai."

Asabar ta gaba Dalhatu bai fito bakin mota ba, amma bai kunna inji ba sai da ya ji tsayuwarta, ga mata uku zaune suna jira. Ɗantala ya shigo da buhu a kafaɗa ya dire, bakinsa ɗaure da jan ƙyalle. Dalhatu ya jawo shi gefe inda ya saba ajiye shi, ya sallami matan da garinsu mai laushi ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya ƙare ya share inji tas, ya kama ƙarfen ya murɗa shi baya, ya sassauta.