Gambar Kakana

Daga Makarfi har Kudan babu wanda ya taɓa kayar da ni a magana. Ni ne na taɓa yi wa jaki bayani har ya roƙi a ƙara masa kaya.

Bayan tafiyar Turawa, wata shekara awakin maƙwabcina a Gazara suka cinye mini dawa, ya kuma yi mini dariya a kasuwa. Na rantse sai na rama. Ana gama girbi na tuge gambar da ke kan iyakar gonakinmu, na dasa ta taku biyar cikin tasa. Da ya kai ni ƙara, alƙali ya ba ni gaskiya don dai in yi shiru.

Mutumin ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, ya ɗauko lauya mace. Lokacin ba mu taɓa jin mace ta sa baƙar rigar nan ta lauyoyi ba. Na ce ga ɓarna ga raini, to su biyun zan haɗa in tozarta. Na bi gari ina cewa ba ta iya bambance gero da dawa ba.

Ta roƙi kotu a fito a ga gonar. Ashe 'yar manomi ce daga Paki. Ta tambaye ni shekarun gambar, na ce kakana ya dasa ta, saiwarta ta kai ƙasa ta bakwai.

Ta tuɓe takalmi, ta sunkuya, ta ɗago gambar da yatsa biyu, ta miƙo mini.

"Riƙe da kyau, Malam," in ji ta, "kada iska ta kwashe maka gadon kakanka."