Faifan Inna a Kan Yashin Mage

Shekara uku magena ba ta taɓa saɓa wa tasarta ba. Tsohuwar tasa ce mai faɗi, na cika ta da farin yashi don ta riƙa fitsari a ciki, na ajiye a lungun baranda, a gidan da nake haya a Yalwawa. Ina tankaɗe yashin kullum, in sake shi duk Asabar. Don haka da na fara tarar da lema a kafet ɗin falo, ban ma kalli magen ba. Inna na kalla.

Inna mahaifiyata ce. Na ɗauko ta daga rugarmu ta wajen Ringim bayan an yi mata aikin yanar ido, don ta warke a gabana. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kira, sai dai ta yi gyaran murya in juyo. Mace mai irin wannan kunya, ta yaya zan tare ta da zancen fitsari?

Kuma lemar ba ta banza ba ce. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar an wanke wurin da sabulu, an turare falon da turaren wuta har yana sa ni tari. Na ce a raina mage dai ba ta wanki, ba ta kunna gawayi. Wanda ya goge shi ya yi. Na tuna shekarunta, na tuna yadda take laluben bango kafin ta kai banɗaki, sai zargina ya zauna daram.

Daga nan na zama ɗan sanda a gidana. Na riƙa ƙirga zannuwan da take shanyawa a igiya. Na rage mata shayin yamma, na ce likita ya hana, alhali likita bai ce komai ba. Na sayo leda mai kauri na shimfiɗa ƙarƙashin zanin gadonta lokacin da take sallar la'asar. Na san in ta gane, ba za ta sake kwana a gidana ba. Duk da haka na yi, har ina ganin dabara ce. Mai hali dai ba ya fasa halinsa, ni kuwa tun ina yarinya in na zargi abu sai na ga ƙwal uwar daka.

Wata Laraba na nemi izini a ofis da hantsi, na dawo don in kama abin da idona. Na shigo ba sallama, abin da ban taɓa yi mata ba. Abin da na fara gani a baranda faifai ne, sabo, cikin waɗanda ta saƙa ta kawo mini tsaraba, an rufe tasar yashi da shi ruf. Mage na ta zagaya tasar tana kuka tana tura shi da hannu. Da ta gaji sai ta wuce falo ta tsuguna a kafet. Can sai ga Inna ta fito da tsumma da sabulu, tana lalube, ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo.

Na tambaye ta batun faifan. Ta ce kullum in na fita tana ganin na bar garin tuwo a buɗe, ita kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an bar ƙwarya ba murfi ba. Kafin in dawo sai ta ɗauke faifan, kada in ji kamar tana nuna mini ban iya riƙon gida ba. Ɓarnar mage kuwa ta ɓoye ne don ta ga ina son abata, tana tsoron in yi fushi in kore ta.

Na yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba, na yi mata bayanin yashin. Ta gyaɗa kai. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ledar nan a ninke tsaf, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ga kayanki," ta ce. "Tun ranar da kika shimfiɗa na ji ƙararta. Da nake wanke naki kina jaririya, ban sa miki leda ba."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma ranar Juma'a ta ce shanu na kewarta, ƙanena ya zo ya mai da ita.

Tun ranar da aka bar tasar a buɗe, mage ba ta sake ɓata kafet ba. Faifan yana nan rataye a bangon kicin. Na aika wa Inna sau uku ta zo likita ya sake duba idon, tana cewa tana gani sarai.