Yau na koma goyo a Longsight

'Yan uwa, yau wata mata ta karanta sirrina a gadon bayana!

Kun san ciwon bayan nan da GP, likitan unguwa, ya sa ni a layi har na gaji da jira. Na ɗauki ɗana Ammar muka je wajen mai gyaran ƙashin baya, wata dattijuwa 'yar Jamaika a Hulme. Ta ce in kwanta rub da ciki. Ta haɗa dugadugaina ta duba, ta ce ƙafar hagu ta ɗan ja sama. Sai ta bi ƙashin bayana da yatsu, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai jan carbi. Ta zo ƙugu ta danna. Na ce wash!

Ta ce, "A kwankwason hagu kike ɗaukar yaron nan."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Bayanki. Ku ba goyo kuke yi ba?"

Na ce na daina tun ranar da maƙwabciyata ta ce yaron zai faɗo, za ta kira council, hukumar gari.

Ta ce, "'Yata, bayan naki ne ko nata?"

Nan take na warware mayafina, na goya Ammar, na ɗaure tam. Haka na hau bas, haka na sauka a Stockport Road. Sai ga maƙwabciyar a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ai na gargaɗe ki."

Na yi mata murmushi na ce, "Kira su, Madam. Amma ki ce su ƙwanƙwasa a hankali, barci yake yi."