Sunan Buhu

A shekarun da aka yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato, kowa na kwashe kayansa yana komowa gida, mu ma tsofaffin 'yan ƙungiyar ɗaliban ƙasar Jega na kwalejin horon malamai muka ce bari mu rubuta tarihinmu tun ba mu watse ba. Aka ɗora mini aikin, wai ni ne mai surutu. Na karɓa da rawar jiki.

Layin farko ya kayar da ni, wato sunan wanda ya kafa ƙungiyar. Al'adarmu a kwaleji, duk wanda ya shigo sai an laƙaba masa suna, na yanka kuwa a bar wa malamai. Shi Buhu muke ce masa, don ranar da ya fara zuwa ba akwati ya sauke ba, buhun albasa ne. Da albasar nan da garin rogo ya riƙa tara mu a ɗakinsa, mu sababbin zuwa masu kukan gida, har abin ya zama ƙungiya. Mahaifinsa ya rasu, ya bar karatu bai gama ba. Na yi ta juya kaina, sunansa na gaskiya ya ƙi zuwa.

Ran kasuwar Jega na tare wani ɗan ajinmu a kara, wato kasuwar shanu, yana cinikin sa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba ni labarin Buhu kala-kala, da na ce sunansa fa, sai ya kama sosa ƙeya. Na je Maiyama wurin tsohon sakatarenmu, wanda yanzu hedimasta ne, ya rantse mini Buhu ɗan garinsu ne, amma bai san gidansu ba. Abin ya fara ba ni haushi, daga baya ya koma tsoro. Mutum ya ciyar da mu, kuma a cikinmu babu mai iya kiransa.

A Aliero ne wani dillalin albasa, shi ma namu, ya ce in gwada Kashin Zama. Na hau babur. A ƙauyen na tambayi gidan wanda ya taɓa karatun malanta a Sakkwato, aka nuna mini ba gardama. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar gida ya amsa sallamata, ya ce ai daminar waccan Allah ya karɓi abinsa, zazzaɓi ne. Na tambaye shi yadda aka raɗa wa mamacin. Ya faɗa mini sunan, na maimaita a raina, na ji kamar na wani baƙo ne can daban.

Aka yi mini iso wurin mahaifiyarsa. Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune bisa tabarma tana gyaran irin albasa. Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Da wauta irin ta ɗan boko na ce, "Inna, sunan da aka faɗa mini a waje, shi ne daidai?"

Ta kau da kai. "Ɗan hwari na. Tun da aka yi sunanai ban taɓa hwaɗinai ba."

Kunya ta rufe ni. Na yunƙura zan tashi, sai ta ce, "Ku can makaranta mi kuka ce mai?"

Na ji nauyin faɗa, don sunan tsokana ne, ga mutum ya rasu. Na ce, "Buhu, Inna." Na ba ta labarin albasar da yadda muke cika masa ɗaki.

"Ni na ɗaure mai buhun nan," in ji ta. Ta ajiye faifan. A hankali ta ce, "Buhu." Ta sake faɗa da ɗan ƙarfi, tana duban ƙofar ɗakin da ke rufe, kamar mai kira a zo a ci tuwo. Ban iya ɗaga kaina ba.

Da zan tafi ta ce, "Ɗana, in za ka rubutawa, sa wanga. Shi nika iya kira."