Hoda a Cikin Tandu

Da na ƙi karɓar ƙullin farko, da maigidana ya mutu da hankalinsa? Na tsufa ban samu amsa ba.

Ni 'yar Kebbe ce, aure ya kai ni Tambuwal. Tozali nake sayarwa a ƙananan tandaye, shi kuwa direban babbar mota ne, yana zuwa Ikko. A lokacin, kuɗin man fetur sun haukata mutane. Wata rana ya dawo da farar hoda, ya ce in ɗura a tandu, 'yan kwangila masu wucewa Sakkwato za su tsaya su karɓa.

Na ce, "Malam, wanga kuma mi ne ne?"

Ya ce, "Maganin gajiyar manya. Wa zai buɗe tandun mace?"

Sai shi ma ya fara shaƙa, wai don kada barci ya ɗauke shi a hanya. Na gani, na yi shiru, don na saba da sabuwar atamfa. Mutumin da ya san kowane rami tsakanin nan da Ikko ya koma yana wuce ƙofar gidansa. Ranar da 'yan sanda suka zo, a ɗakina tandayen suke. Shekara fuɗu na yi a gidan yari, can na tuba.

Jikata Asabe, ma'aikaciyar jinya, ita ke rubuta wannan. Ta ce yanzu an ƙera na'ura mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ana nuna mata hotunan ƙwaƙwalwar masu shaƙar hodar iblis da na waɗanda ba sa shaƙa, har ta koyi gane inda hodar ta tsinka hanyoyin tunani.

Na ce, "Sai yanzu? Ina take lokacin da ake ce mani iska ce ta kama shi, ina yanka baƙin zakara?"

Ta ce, "Kaka, don na baya ne."

To, ku na baya, ku ji. Kada ku ɗanɗana, kada ku ajiye wa kowa, ko mijinki ne.

Da na fito, na iske shi ba ya iya riƙe salla. Nakan tsaya bayansa, in ya ɓata in tafa hannu. Ranarsa ta ƙarshe, a kwance ya yi la'asar. Ya sallame, ya lalubo bakin zanena.

"Ige, ban ji tafinki ba. Sallar ta cika?"