Inna Mai Toka da Bahon Madam

Ku da kuka san uwar mijina, Inna Mai Toka, kun san ba ta taɓa ƙarasa gaisuwa a gidan mutane ba. Za ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, ana cikin tambayar gajiya sai a ga ta miƙe ta ɗauki buta ta nufi makewayi. Ba lalura ke kai ta ba, dubawa za ta yi. In ta fito ta sha ruwan da aka kawo mata, gidan ya tsira. In kuwa ta ce azumi take, ko da yanzu aka gan ta da ƙosai a bakin kasuwa, to matan gidan sun shiga uku, don kafin la'asar unguwa ta san dalili. Toka kullum tana ƙulle a gefen zanenta, yadda wasu tsofaffi ke ƙulle taba. Nan ta samo sunan.

Ni ma haka ta yi mini a Tibiri, lokacin da ɗanta ya ce ni yake so. Ta tako da ƙafa tun daga Maraɗi wai ta zo ganin yarinya. Na sha lalle, na sha kitso, ina zaune ina sunne kai, ko kallo ban ishe ta ba. Ta shige makewayi ta daɗe, har mahaifiyata ta fara salati a hankali. Mu dai mun san halinta, tun da safe matar yayana ta share wurin, ta zuba sabon yashi a kwata, ta barbaɗa toka a bakin salga. Da Inna ta fito ta sha ruwa, kowa ya yi ajiyar zuciya. Sai ta miƙo mini ƙwaryar, ta zuba ido ta ga hannun da zan karɓa da shi.

"Wadda ta share can bahaguwa ce, sawun tsintsiya ya nuna," in ji ta. "Wagga kuwa da dama ta karɓa. Yarinya dai na amsa, amma kar a ƙara ara mata hannu."

Shekarata ta farko a gidanta na sha wuya, ba zan ɓoye ba. A nan na koyi cewa maiƙo sai toka da ruwan zafi, gansakukar kwata sai yashin gulbi da ɓawon kwakwa in an samu, tabon goro a tufa kuwa lemun tsami da gishiri, sannan a shanya a rana mai zafi. Goro shi ne babban abokin gabanta. Akwai ƙanen marigayi mijinta, Alhaji Ɗan Tambai, mai fataucin yadi zuwa Katsina, wanda bakinsa ba ya rabuwa da goro. Ranar da muka gama shafe bangon zaure da farar ƙasa ya zo gaishe ta, ya zauna ya yi hira, ya tashi ya bar mana jan tofi uku a jikin bango. Inna ta bar tofin a bangon yadda yake. Ranar Juma'a ta sa na sayo mata goro, ita da ba ta ci, ta cika baki da shi, ta je ta tsaya a ƙofar gidansa daidai lokacin da ya fito cikin farar riga mai aiki zai tafi masallaci. Ta matso kusa, kumatu a kumbure, tana duban gaban rigar. Alhaji ya ja baya yana tambayar ko lafiya. Ta juya gefe ta zubar a ƙasa, ta rufe da ƙafa, ta ce masa bangonta ma farar riga yake sanye da ita ran nan. Bayan an sauko ya zo da kansa, ya naɗe hannun riga ya kankare. Daga ranar in zai shigo gidanmu sai ya haɗiye tun daga waje.

Amma babban labarinta shi ne na bariki. Wata safiya muna wanki sai ga gardi, wato dogarin kwamandan, Baturen da ke mulkin gari, da jar hularsa, ya ce ana kiran Mai Toka a gidan madam, matar kwamandan, yanzu. A zamanin nan in an ce bariki na nemanka, har maƙwabta sai sun shiga ɗaki. Ni na saki wankin da ke hannuna. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, ta tambayi mi ya faru. Ya ce bahon wankan madam ne ya yi jan tabo, an goge an goge ya ƙi fita. Ta ce to a kawo bahon. Ya ce a kafe yake. Ta ce ita ma a kafe take, sai wankinta ya bushe. Ya ambaci gidan kaso, ta ce ta ji labarin ƙazantar wurin, da ma tana son zuwa ta gani. Gardi ya tsaya ya rasa yadda zai yi da tsohuwa mai kumfa har gwiwar hannu, ya juya.

Da yamma wata mata ta zo daga Jiratawa tana kuka. Matar kukun madam ce. Ta ce mijinta aka ɗora wa laifin, wai shi ya wanke tukwane a ciki, kuma an ce in tabon bai fita ba za a yi masa bulala a tura shi aikin hanya. Shi ya ambaci sunan Inna don ya tsira. Inna ta ce mini in jiƙa tsamiya mai yawa, ta kwana a ruwa.

Washegari muka hau tudun bariki, ina ɗauke da ƙwarya. Aka shigar da mu wani ɗaki, ga wani dogon farin abu na ƙarfe, da jan zane tun daga baki har gindi. Inna ta shafa, ta sansana yatsa, ta ce a nuna mata inda ake ɗebo ruwa. Aka nuna mata duron ƙarfe a bayan ɗaki, cikinsa jawur. Ta ce wa tafintan da ke tsaye kusa da madam ya gaya wa matar nan tsatsar duronta ce, bawan Allah bai taɓa mata kaya ba. Sai ta dama tsamiyar da gishiri, ta lafta a tabon, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta, madam na ta kai da komo. Da ya jiƙu ta matse lemu a soso muka dirje. Baho ya fito fes. Madam ta tafa hannu.

Da a nan muka tsaya, da lafiya lau. Sai Inna ta tambayi tafinta dawaki nawa ke shan ruwa a abin nan. Ya ce ai wanka ake yi, a cika shi da ruwa mutum ya shiga ya kwanta. Ta ce to dauɗar ina take zuwa? Ya ce tana nan cikin ruwan.

"Faɗa mata wannan ba wanka ba ne, jiƙo ne. Mutum ya kwanta cikin dauɗarsa ya fito ya ce ya yi tsabta?"

Tafinta ya yi gumi, ya juya ya yi wa madam 'yan kalmomi, ta yi murmushi har da rusunawa. Inna ta ce ƙarya ya yi, maganarta ba ta sa mutum murmushi. Kafin in riƙe ta, ta tattare zane ta faɗa cikin bahon, ta kwanta, ta cuɗa hammata, ta kamfato ruwan da babu ta wanke fuska da shi, sannan ta toshe hanci tana kallon madam. Wannan bai bukaci tafinta ba. Madam ta yi ja kamar gauta. Ni na riga na sallama, na ce yau a kaso za mu kwana. Sai muka ji dariya daga bakin ƙofa, ashe kwamandan na tsaye tun ɗazu, har yana dafa bango.

Aka bar kuku a bakin aikinsa. Aka ce Inna ta riƙa zuwa duk mako, ta ce tana da gida. Aka ba ta sabulun kanti guda biyu masu ƙamshi, ta karɓa da yatsa biyu, ta zo ta jefa a rumbu wai warinsu zai kori ɓera. Ɓeraye suka cinye tas. Ta kira maƙwabta ta nuna musu guntun, ta ce da ma ta faɗa, abinci ne, ba sabulu ba.

Shekarar sanƙarau, lokacin da mutane ke gudun nasu, ita ke bin gidaje tana wanke shimfiɗar marasa lafiya, Musulmi da Arna, ba ta tambaya. Shi ya sa ranar da tsufa ya kwantar da ita, ta wayi gari ta ɓata tabarma, ta juya fuska bango tana hawaye, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ran nan. Ta ce, "Ɗiyata, ki gafarta mini." Na ce mata ta yi shiru, na ɗora ruwa, na wanke ta kamar jaririya, na shafa mata man shanu, ta yi barci tana riƙe da yatsana. Kwana tara muka yi haka.

Allah ya jiƙan Inna, ya wanke ta daga kurakuranta yadda ake wanke farin tufa, ya sanyaya makwancinta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya ba mu hannun da ba zai ƙyamace mu ba. Amin.