Kakan Bature a Bakin Raga

A shekarata ta biyu a Jidda na san wani dattijo da ake kira Baba. Ina aikin injiniya a wani kamfanin dakon kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ina zaune a ɗaki guda a Sharafiyya, ba ni da abokin hira sai waya. Wani direban kamfaninmu ne ya lura da yadda nake wuni ni kaɗai ranar Juma'a, ya ce in bi shi unguwar Hindawiyya in ji Hausar tsofaffi.

Majalisa ce ta dattawa biyar ko shida a ƙofar wani tsohon gida, bayan la'asar. Dukansu haifaffun Jidda ne, jikokin mahajjatan da suka zo a ƙafa ba su koma ba. Baba ne mai gidan, shi ke dafa shayi da hannunsa. Hausarsa irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata ce, amma sai ya kai tsakiyar magana ya zarce da Larabci bai ma sani ba. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum "ya muhandis", wato injiniya da Larabci.

Hirar majalisar ƙwallo ce, rani da sanyi. Wata Juma'a musu ya kaure a kan masu tsaron raga, kowa na kare gwaninsa. Baba ya ajiye buta ya ce, "Ku ba ku san gola ba. Gola shi ne kakan khawaja."

Sauran suka yi tsaki suna dariya, don sun ji labarin har sun haddace. Ni ne baƙo, sai aka yi mini bayani. Khawaja dai Bature suke nufi. Da ƙuruciyarsa Baba ya yi shekara goma sha biyu yana tuƙa wani Baturen Ingila mai duba kayan jiragen ruwa. Kakan Baturen nan ya tsare raga a babbar gasar ƙasarsu, can ƙarshen zamanin tsohuwar sarauniya, tun Turawa ba su ci Kano ba. A hanya Baturen kan ba Baba labarin wani wasa da kakan ya karya yatsa, ya ƙi fita, ya hana kowace ƙwallo shiga, har 'yan kallo suka ɗauke shi a kafaɗa. Ranar da zai bar Jidda ya ba Baba yankin jaridar da ta buga labarin wasan.

Wani siririn dattijo mai gyaran agogo, wanda ba ya barin maganar Baba ta wuce, ya ce, "Shekara nawa kana cewa takarda, takarda, ba wanda ya karanta ta. Ga muhandis ya iya Turanci. A ɗauko."

Baba ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya shiga gida. Ya fito da gwangwanin alawa, a ciki akwai takardun mahaifinsa, ƙarƙashinsu kuma jaridar a cikin leda. Ta yi launin shayi, gefenta ya fara marmashewa. Ko 'ya'yansa bai taɓa bari su taɓa ba. Na goge hannuna a riga kafin in karɓa.

Rubutun ƙanana ne, Turancin kuma tsoho, sai na riƙa karanta layi ina juyawa da Hausa. Ranar Asabar aka yi wasan, ana ruwa tun safe, filin ya zama taɓo. Ma'aikatan masaƙu sun taho kai tsaye daga aiki sun cika wurin da hulunansu. Dattawan nan da suka yi shekaru ba su ga ruwan kirki ba suka matso da kujerunsu. Da na kai inda 'yan wasan gaba suka bangaje gola da kafaɗa alƙali bai busa ba, mai agogo ya miƙe tsaye.

"Haram! Ina alƙalin yake?"

Na ce a zamanin doka ta yarda. Ya zauna yana girgiza kai.

Sai ga yatsan. Ya karye kafin hutun rabin lokaci, ba a kuma canjin ɗan wasa a lokacin, don haka aka ɗaure masa da ƙyalle ya koma bakin raga. Baba ya buga cinyarsa. "Kun ji? Kun ji ko?"

Idona ya riga bakina sauka ƙasa, na ga abin da ke tafe, na tsaya. Bayan hutu ƙwallaye suka yi ta shiga. An lallasa ƙungiyar kakan a gidanta, babu kuma wanda ya ɗauki kowa a kafaɗa. Na yi tunanin in tsallake. Ba wanda zai gane.

"Yalla, ci gaba, ya muhandis," in ji Baba. "Me ya tsayar da kai?"

Na ce, "Baba, abin da ke nan ya ɗan bambanta."

"Karanta yadda yake."

Na karanta yadda yake, ƙwallo bayan ƙwallo, ban ɗaga kai ba. Da na gama na ajiye jaridar. Can na ji Baba na wani irin numfashi, na tsorata. Ashe dariya yake yi. Ya yi ta yi har hawaye, yana riƙe da gefen kujera.

"Shekara goma sha biyu! Daga gida zuwa tasha, daga tasha zuwa gida, khawaja na shirga mini ƙarya ina cewa mashallah!"

Da ya lafa ya share ido ya tambaye ni a hankali, "Amma bai fita ba?"

"Bai fita ba, Baba. Mai rubutun ma ya yaba masa, ya ce da ba don shi ba da abin ya fi haka."

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Wannan ya fi na khawaja daɗi."

Har magariba ana gardamar ko Baturen ya ba shi takardar ne don ya san ba zai iya karantawa ba, ko kuwa so yake wata rana gaskiya ta fito. Baba ya ce shi dai ya san mutumin na ƙaunar kakansa, kuma wannan ya ishe shi.

Na sake karanta musu wasan nan ban san sau nawa ba. Duk baƙon da ya zo, sai an ɗauko gwangwani. Daga baya aikin rusau ya iso layinsu, majalisar ta watse, kowa ya bi 'ya'yansa. Baba ya koma wurin babban ɗansa a arewacin gari, a hawa na huɗu, inda babu ƙofar gidan da za a shimfiɗa tabarma.

Sau biyu na ziyarce shi can kafin kwantiragina ya ƙare. A zuwan ƙarshe ya dage sai ya raka ni har ƙasa da sandarsa, ɗansa na hana shi. Ya riƙe hannuna ya ce in na isa Najeriya in gaishe masa da mutanen garin kakansa. Na tambayi sunan garin. Ya faɗi wani suna, ya ce ko kuwa wani ne mai kama da shi, bai tabbata ba. Na ce in sha Allahu zan gaishe su. Wata bakwai da komawata direban nan ya bugo mini waya ya ce Baba ya rasu.